Baki Shi Ke Yanka Wuya: Rediyon 'Yan Leƙen Asiri da Saƙon Walƙiya a Zamanin Yaƙin Cacar Baka

Gabatarwa

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945 zuwa wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991, duniya ta kasance cikin zaman doya da manja tsakanin Amurka da ƙawayenta a gefe guda, da Tarayyar Sobiyet da nata ƙawayen a ɗaya gefen. Wannan lokaci shi ake kira zamanin Yaƙin Cacar Baka. Manyan ƙasashen biyu ba su gwabza da juna kai tsaye ba, amma kowace ta baza 'yan leƙen asiri a ƙasar abokiyar gabarta. Shi kuwa ɗan leƙen asiri, komai ƙwarewarsa wajen samo labari, aikinsa bai kammala ba sai labarin ya isa hannun waɗanda suka aike shi. Hanya mafi sauri a wancan lokaci ita ce rediyo, kuma ita ce mafi haɗari.

Mai aika saƙon asiri ta rediyo yana fuskantar matsaloli biyu. Ta farko ita ce ɓoye ma'anar saƙon, ta biyu kuwa ɓoye wurin da saƙon ya fito. Ilimin lissafi ya warware ta farko. Ta biyu ce ta ci rayukan mutane da yawa, domin kowace daƙiƙa da na'ura ta yi tana magana, tana nuna wa maƙiyi hanyar gidan mai ita. Wannan maƙala za ta duba yadda masana kimiyya suka yi ƙoƙarin rage wannan haɗari ta hanyar gajarta lokacin magana, da kuma inda dabarar tasu ta tsaya.

Gajeren Zango da Alamomin Morse

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman mita 19 ko mita 25 ya san gajeren zango. Igiyoyin wannan zango, waɗanda tsawonsu ke tsakanin mita 10 da mita 100, suna da wata baiwa. Can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai wani rufi na iska wadda hasken rana ya sa ta ɗauki cajin lantarki, ana kiransa ayonosifiya. Idan igiyar gajeren zango ta doki wannan rufi sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wani wuri mai nisan gaske. Da wannan ne muryar gidan rediyon Landan ke isa Kano, da shi ne kuma wata 'yar na'ura wadda ƙarfinta bai kai na ƙwan lantarkin ɗaki ba take iya aika saƙo ya tsallaka ƙasashe.

'Yan leƙen asiri ba su cika aika murya ba, sai dai alamomin Morse, wato ɗigo da ja, waɗanda aka gada daga wayar tangarahu. Mai aikawa yana danna wani maɓalli da yatsunsa, ɗan gajeren danni ya zama ɗigo, mai tsawo ya zama ja. Ƙwararre yakan aika kimanin kalmomi 20 a minti ɗaya. Ke nan saƙo mai kalmomi 100 zai ci minti 5, ban da lokacin kiran tashar gida da maimaita abin da ba a ji sosai ba. Iyakar nan daga jikin ɗan Adam take, domin jijiyoyi da tsokokin hannu suna da saurin da ba sa iya wucewa. Har ila yau kowane mutum yana da nasa salon danni, kamar yadda kowane makaɗi ke da nasa hannu a kan kalangu, don haka masu sauraro sukan gane mutum ta salonsa ko da ya sauya gari.

Zaurancen da Ba Ya Karyuwa

Domin ɓoye ma'ana, akan fara mayar da haruffan saƙo zuwa lambobi, a jera su biyar-biyar. Sa'an nan a ɗauko wani ɗan ƙaramin littafi mai cike da lambobin da aka zaɓa barkatai, wanda kwafinsa biyu ne rak a duniya, ɗaya a hannun ɗan leƙen asiri, ɗaya a hedikwata. Alal misali, a ce lambobin saƙo su ne 72508, na littafin kuma 49163. Sai a tara kowace lamba da ta ƙasanta, ba tare da ɗaukar goma zuwa gaba ba: 7 da 4 sun ba da 1, 2 da 9 sun ba da 1, 5 da 1 sun ba da 6, 0 da 6 sun ba da 6, 8 da 3 sun ba da 1. Abin da za a aika shi ne 11661. Mai karatu zai lura cewa lamba 1 ta fito sau uku, kuma kowane karo wata lamba dabam take wakilta. A hedikwata sai a ɗebe lambobin littafin, saƙo ya fito, sa'an nan kowane ɓangare ya ƙone shafin.

A shekarar 1949 masanin lissafin nan na Amurka, Claude Shannon, ya wallafa hujjar da ta tabbatar cewa wannan zaurance ba ya karyuwa, muddin ba a yi amfani da shafi ɗaya sau biyu ba. Lokacin da Sobiyet ta yi kuskuren maimaita wasu shafuka a cikin matsin yaƙi, Amurkawa sun sami kafar karanta wani ɓangare na saƙonninta a wani shiri mai suna Venona, wanda aka fara a 1943. Amma ko zaurancen ya cika sharuɗɗansa duka, abin da ke cikin saƙo kaɗai yake rufewa. Ita igiyar rediyon tana nan tana yawo, kowa na iya kama ta.

Yadda Ake Farautar Murya

Eriya mai siffar zobe tana da wata ɗabi'a: idan ana juya ta, ƙarar da take kamawa tana ƙaruwa tana raguwa, har a kai wani matsayi da ƙarar za ta kusa ɓacewa. Wannan matsayi yana nuna layin da igiyar ta biyo. Tasha ɗaya layi kawai za ta iya zanawa a kan taswira. Idan tasha ta biyu da ke wani gari ta zana nata layin, to inda suka gicciye nan ne mai magana yake, ta uku kuma ta ƙara tabbatarwa. Daga nan sai a tura motoci masu ɗauke da ƙananan eriyoyi su kewaye unguwar, a ƙarshe mutane su bi gida-gida da na'ura a ɓoye cikin riga. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana bukatar mai aikawa ya ci gaba da magana.

Malami na iya gwada wannan a filin makaranta. A rufe wa ɗalibai uku idanu, a tsayar da su nesa da juna, wani ya kaɗa ƙararrawa na tsawon minti ɗaya, su kuma su nuna inda sautin ke fitowa. Hannuwansu za su haɗu a wuri guda. Sa'an nan a sake gwajin da bugu ɗaya tak, a lokacin da ba su zata ba, a ga yadda hannuwan za su warwatsu.

An ga tsananin wannan farauta tun a Yaƙin Duniya na Biyu. Ingila ta riƙa tura mutanenta Faransa da wata rediyo da ke cikin akwatin tufafi, mai nauyin kusan kilo 15. Jamusawa kuma, idan sun kusa cim ma mai aikawa, sukan yanke wutar lantarki layi bayan layi, duk inda saƙo ya katse to nan ne. An ƙiyasta cewa a 1943 mai aikin rediyo a Faransa ba ya wuce mako 6 kafin a kama shi. Noor Inayat Khan, 'yar wani malamin sufanci ɗan Indiya, ta sauka Faransa a watan Yuni na 1943, ta riƙa sauya masauki tana aikawa daga birnin Faris har aka ci amanarta aka kama ta a watan Oktoba, aka kuma kashe ta a sansanin Dachau a watan Satumba na 1944. Shekaru 20 bayan haka, Eli Cohen, ɗan leƙen asirin Isra'ila wanda ya kutsa cikin manyan Siriya, ya riƙa aika saƙonni da hannu daga gidansa a Dimashƙa, sau da yawa kuma a lokuta kusan iri ɗaya. An bi sawun igiyarsa aka kama shi a watan Janairu na 1965, aka rataye shi ran 18 ga Mayu na wannan shekara.

Saƙon Walƙiya

Maganin da masana suka samo shi ne a raba aikin gida biyu. Da farko ɗan leƙen asiri zai zauna a natse, rediyonsa a kashe, ya shigar da saƙonsa cikin wata na'ura wadda za ta adana shi. Ko awa guda ya ɗauka babu komai, tun da babu abin da ke fita. Sa'an nan ya kunna rediyo, na'urar ta amayar da saƙon gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya kashe. A can hedikwata ana naɗar saƙon a faifai, daga baya a rage saurin faifan har kunne ya iya rarrabe ɗigo da ja. Wannan shi ne saƙon walƙiya. Jamusawa sun gwada shi a jiragensu na ƙarƙashin teku a shekarun ƙarshe na yaƙi, da wata na'ura mai suna Kurier wadda saƙonta bai kai rabin daƙiƙa ba, amma yaƙin ya ƙare kafin ta bazu.

A ɓangaren Sobiyet, rediyo mai lamba R-350, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1950, ta yi amfani da fim ɗin ɗaukar hoto mai faɗin milimita 35. Mai aikawa zai huda ramuka a jikin fim ɗin da wani ɗan ƙarfe, kowace lamba da tsarin ramukanta, sa'an nan ya zura shi cikin rediyon ya juya wani hannu kamar na keken ɗinki. Hikimar zaɓen fim ita ce ana samunsa a kowane kanti a duniya, kuma babu mai tuhumar wanda ya saye shi. A ƙarshen shekarun 1960 aka fito da R-353 mai amfani da zaren maganaɗisu, a shekarun 1980 kuma R-394KM wadda ke adana saƙo a ƙwaƙwalwar lantarki.

Su kuwa Amurkawa, a farkon shekarun 1950 hukumar CIA ta samar da RS-6, wadda aka raba gida huɗu domin kowane ɓangare ya shiga aljihu ko ƙaramar jaka. A farkon shekarun 1960 aka ƙera GRA-71, wata na'urar gaggauta saƙo da ake jona wa rediyo. Ana shigar da saƙo a zaren maganaɗisu harafi bayan harafi, a murɗa wani sifirin irin na agogon tebur, idan aka sake shi sai ya ja zaren da saurin kalmomi 300 a minti. Ba ta bukatar batir domin juyawa. Sojojin Amurka na musamman sun yi aiki da ita a yaƙin Biyetnam.

Lissafin a bayyane yake. Saƙon nan mai kalmomi 100 da ke cin minti 5 da hannu ya koma daƙiƙa 20. Ɗigo ɗaya, wanda tsawonsa a hannun mutum kashi 60 ne cikin 1000 na daƙiƙa, ya koma kashi 4 kacal. A irin wannan sauri kunne ba ya jin komai sai wani ɗan gurnani, kuma salon hannun mai aikawa ya ɓace. Sai dai kowace riba da hasararta. Gwargwadon saurin saƙo gwargwadon faɗin gurbin da yake ci a kan zango, kuma hayaniyar sararin sama ta daƙiƙa ɗaya tak tana iya share kalmomi 5. Ban da haka, mutum na iya kare kansa idan an same shi da akwatin rediyo, amma wanda aka samu da na'urar gaggauta saƙo ba shi da ta cewa.

Martanin Mafarauta

Masu farauta ba su naɗe hannu ba. A farkon shekarun 1960 jiragen ƙarƙashin teku na Sobiyet suka koma aika saƙon walƙiya, tsofaffin tashoshin sauraro na Amurka suka kasa bin sawunsu. Sai rundunar ruwan Amurka ta ɓullo da wani shiri mai suna Boresight, inda tashoshi da dama ke naɗar babban yanki na zango dare da rana, tare da alamar lokaci. Idan an gano saƙo a wani faifai, sai a koma faifan sauran tashoshi a daidai wannan daƙiƙar a zana layuka, ko da mai maganar ya daɗe da yin shiru. An kuma gina manya-manyan eriyoyi a jere cikin da'ira, waɗanda ke sauraron kowace kusurwa a lokaci guda ba tare da an juya komai ba. Irin waɗanda ake kira FLR-9, masu faɗin fiye da mita 300, an kafa guda 8 a ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Italiya da Turkiyya da Jafan, har sojoji suka laƙaba musu suna kejin giwa. Sobiyet ma tana da irin nata mai suna Krug. Duk da haka, abin da waɗannan tashoshi ke iya nunawa yanki ne mai faɗi. Gano gida ɗaya a cikin babban birni daga saƙon daƙiƙoƙi kaɗan ya ci gaba da zama jan aiki.

Gasa Iri Ɗaya a Duniyar Halittu

Wannan gasa ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Namijin gyare yana kuka da dare domin kiran mace, amma ba ita kaɗai ke sauraro ba. A nahiyar Amurka akwai wani ƙuda da masana ke kira Ormia ochracea, wanda macensa ke bin kukan gyare har ta same shi, ta zuba masa tsutsotsinta, su shige jikinsa su cinye shi cikin kimanin mako guda. Tazarar da ke tsakanin kunnuwanta biyu kusan rabin milimita ce, amma wata 'yar gada da ta haɗa su tana ba ta damar gane inda sauti ya fito da kuskuren da bai wuce digiri 2 ba. A tsibirin Kauai na Hawaii, inda wannan ƙuda ya addabi wani jinsin gyare, Marlene Zuk da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2006 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mazan sun zama masu fukafukan da ba sa iya kuka, cikin ƙasa da zuriya 20.

A dazuzzukan Panama kuwa, wasu dangin fara masu kama da ganye suna zaune tare da jemagu masu farauta da kunne. Binciken da Belwood da Morris suka wallafa a 1987 ya nuna cewa waɗannan ƙwari suna yin kuka gajere ƙwarai, jefi-jefi, sa'an nan su cike giɓin da girgiza reshen da suke kai, saƙon da mace ke ji ta ƙafafunta amma jemage ba ya ji. Abin da injiniyoyi suka gano da lissafi, ƙwari sun iso gare shi ta hanyar mutuwar masu dogon kuka da wanzuwar masu gajere.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Tarihin waɗanda suka yi amfani da saƙon walƙiya ya nuna cewa dabarar ta yi aiki, sai dai ba ta hana a kama su ba. A unguwar Ruislip ta birnin Landan, wasu ma'aurata da aka sani da Peter da Helen Kroger sun yi shekaru suna zaune a matsayin dillalan tsofaffin littattafai. Sunayensu na gaskiya Morris da Lona Cohen, Amurkawa ne masu yi wa Sobiyet aiki, suna aika asirin da ake satowa daga cibiyar binciken makaman ƙarƙashin teku ta Portland. An kama su ran 7 ga Janairu, 1961. Sai da aka yi kwanaki ana bincike kafin a gano rediyonsu da na'urar gaggauta saƙo a wani rami ƙarƙashin daɓen kicin. Bakin zaren kuwa ya fito ne daga wani jami'in leƙen asirin ƙasar Folan, Michael Goleniewski, wanda ya tsegunta wa Amurkawa cewa akwai ɓaraka a rundunar ruwan Ingila. An yanke musu ɗaurin shekara 20, aka yi musayarsu a 1969.

Haka ya faru a ɗaya ɓangaren. Dmitri Polyakov, janar a hukumar leƙen asirin sojan Sobiyet, ya fara yi wa Amurka aiki a 1961. A shekarun 1970 aka ba shi wata 'yar na'ura ta aljihu, wadda yake shigar wa saƙo a gida, idan ya zo wucewa kusa da ofishin jakadancin Amurka a Masko sai ya danna maɓalli, saƙon ya fice cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Waɗanda suka sayar da shi jami'an Amurka ne biyu, Robert Hanssen na FBI da Aldrich Ames na CIA. An kama shi a 1986, aka kashe shi a 1988.

Yawancin waɗannan na'urori ma ba a taɓa amfani da su a fagen fama ba, an dai tanade su ne domin yaƙin da bai auku ba. A 1990 Firayim Ministan Italiya, Giulio Andreotti, ya bayyana wanzuwar wata rundunar ɓoye mai suna Gladio, wadda aka shirya domin ta ci gaba da aiki idan Sobiyet ta mamaye ƙasar. Irin waɗannan rundunoni na Yammacin Turai ne kamfanin AEG Telefunken na Jamus ya ƙera wa rediyo mai lamba FS-5000 a shekarun 1980, wadda ke zaurance saƙo da gaggauta shi da kanta. A watan Disamba na 1998 kuma hukumomin Suwizalan suka tono wata rediyon KGB da aka binne a daji kusa da garin Belfaux, an ɗana mata nakiya. Bayanin wurin ya fito ne daga takardun Vasili Mitrokhin, ma'ajin takardun KGB wanda ya tsere zuwa Ingila a 1992.

Kammalawa

Yaƙin Cacar Baka ya wuce, amma dabarar tara saƙo a aika shi cikin ƙiftawar ido tana nan. Wayar salula mai tsarin GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, tana yanka muryar mai magana ta aika ta gutsure-gutsure, kowanne ya ɗara rabin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa da kaɗan, domin mutane 8 su yi tarayya a gurbi ɗaya. Masana halittu kuma suna ɗaura wa kunkurun teku da manyan tsuntsaye wasu ƙananan na'urori masu aika saƙon da bai kai daƙiƙa ɗaya ba zuwa taurarin ɗan Adam na tsarin Argos, wanda ya fara aiki a 1978. A nan gajarta saƙo tana tsimin batir ne, burin kuma shi ne a gano inda dabbar take.

Ɗalibin kimiyya zai iya ɗaukar abu biyu daga wannan tarihi. Na farko, duk abin da ya aika saƙo, na'ura ce ko ƙwaro, ya bayyana inda yake, kuma abin da ke hannunsa kawai shi ne rage tsawon lokacin da yake bayyane. Na biyu, injiniyoyi sun iya rage minti 5 zuwa daƙiƙa 20, daga baya zuwa ƙasa da daƙiƙa 3, amma ma'auratan Ruislip da Janar Polyakov duk ta bakin mutane aka kai gare su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.